Tafiya Mabuɗin Ilmi: Sharhi a Kan Masana Tarihi Uku da Littattafansu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe ya san hirar da ke tashe da zarar jarrabawa ta ƙarato, watau hirar inda za a dosa bayan digiri na farko. A 'yan shekarun nan kuwa akwai wani salon karatu da ke jan hankalin masu sha'awar tarihi. Ɗalibi zai yi rajista sau ɗaya, amma a raba masa karatun tsakanin jami'o'i biyu ko uku, kowace a ƙasarta, abin da zai nazarta kuma shi ne tarihin duniya baki ɗaya. A 2004 Tarayyar Turai ta buɗe wani shiri mai suna Erasmus Mundus, wanda a ƙarƙashinsa jami'o'i kamar ta Laifzig a Jamus da ta Biyana a Ostiriya suka haɗa kai wajen koyar da ɗalibai. Haka nan Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok da Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan suka tsara digiri na biyu na haɗin gwiwa a kan tarihin duniya, shekara guda a Amurka, shekara guda a Ingila.

Tambayar da nake so mu duba a wannan takarda ita ce, shin me irin wannan zagaye yake ƙara wa mai nazarin tarihi? Ba zan nemi amsa a takardun tallar jami'o'in ba, domin mai talla ba ya kushe hajarsa. Manomi a bakin rumbu ake auna shi, malami kuwa a littafinsa. Saboda haka na zaɓi littattafai uku da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya sani, na malamai uku da suka bi hanyoyi daban-daban wajen neman ilmi. Su ne *The Sokoto Caliphate* na Murray Last, wanda ya fito a 1967, da *The Hausa Factor in West African History* na Mahdi Adamu, na 1978, da kuma *The Transformation of Katsina* na Yusufu Bala Usman, na 1981.

Mudun da zan yi awo da shi kuwa daga gida na ɗauko shi. Ni mutumin Mahuta ne, a kudancin Katsina, yankin Funtuwa da Malumfashi, ƙasar laka da auduga da masara. Kowane littafi zan tambaye shi abu ɗaya: ya taimaki mutumin Mahuta ya gane inda gonarsa ta tsaya a cikin duniya, ko kuwa bai taimake shi ba?

Fita Neman Ilmi Ba Baƙon Abu Ba Ne

Tun kafin a kafa ko da jami'a ɗaya a Nijeriya mutanen ƙasar nan suke rataya gafaka su ƙetare ƙasashe neman karatu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, daga Katsina ya tashi, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can wajen 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, sau biyu ya je Makka. Alhaji Umaru kuwa, haifaffen Kano, hanyar fataken goro ya bi har Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, bayan ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da ajami, rubutun da daga baya masana suka yi ta nazarinsa a Amurka da Folan. Abin lura game da mutanen nan shi ne malami suke bi da littafi. Almajiri yakan ji labarin wane ya ƙware a littafi kaza, sai ya ɗaura niyya ya tafi gare shi, in ya sauke ya karɓi izini ya yi gaba. Tafiyar tana da dalili tun kafin a ɗaga ƙafa.

Da zamani ya juya 'yan boko suka fara zuwa jami'o'in Turai, sai suka tarar ba a ma lissafa Afirka cikin tarihin duniya. Hegel, babban malamin falsafa a Jami'ar Balin, ya ajiye Afirka a bayan ganuwar tarihi tun farkon ƙarni na 19. Har a 1963 Hugh Trevor-Roper, shehun malamin tarihi a Oksfod, yana cewa abin da ake da shi a Afirka tarihin Turawan da suka zo ne kurum. Wannan magana ce Kenneth Dike da abokansa suka tashi rushewa. Shi Dike ya yi karatu a Saliyo da Sikotilan da Landan, ya komo Ibadan ya fito da littafinsa a kan ciniki da siyasar yankin bakin Kwara a 1956. Daga Ibadan ne H. F. C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya taho Zariya ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Malaman nan uku da zan yi magana a kansu duk sun sha ruwan ƙoramarsa.

Littafi na Farko: Daula Daga Zauren Waziri

Murray Last Bature ne ɗan Ingila. Ya yi digiri na farko a Kambirij, na biyu a Yel ta Amurka, sa'an nan ya zo Ibadan ya yi na uku, ya kammala a 1964. Ƙasa uku ke nan, nahiya uku. In da yawan ƙasashe ake auna malami, to, shi ne zakara a cikin ukun. Amma duk wanda ya karanta littafin da idon basira zai ga makarantar da ta fi yi masa tasiri ba ta cikin waɗannan. Makarantar ita ce zauren Wazirin Sakkwato Junaidu, malamin da bai yi karatun jami'a ba, wanda ya buɗe masa taskar littattafai da wasiƙun gidansu, ya kuma zauna da shi yana warware masa abin da ya shige masa duhu.

Amfanin wannan zama a fili yake. Kafin littafin ya fito, yawancin abin da aka rubuta da Turanci a kan Sakkwato daga bakin matafiya da razdanoni aka ɗebo shi, kuma Daular Fulani suke kiranta, kamar dai wata ƙabila ce ta tashi ta danne wata. Last ya gina aikinsa a kan rubuce-rubucen Larabci na Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da zuriyarsa. Ya nuna daula ce da ake tafiyar da ita da alƙalami, wasiƙa na fita daga Sakkwato zuwa ga sarakuna, amsa na komowa, Waziri na zagayawa yana sulhu da naɗi. Sunan da littafin ya ɗauka shi ne ya bi bakin malamai da ɗalibai har ya ture na da. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To, amma wanda ya zauna a zauren Waziri, abin da Waziri ke gani shi zai gani. Wasiƙun fada maganar sarakuna da alƙalai da yaƙi da naɗi suke yi. Manomi da masaƙi da bawa da mace ba su cika leƙowa cikinsu ba, sai fa in an kai ƙara ko an zo karɓar haraji. Saboda haka in na ɗora littafin a mudun Mahuta, sai in ce ya nuna mini rufin ɗakin da kyau ƙwarai, amma bai nuna mini daɓen da kakannina suka zauna a kai ba. Abin da ya ƙara wa malamin daraja a idona shi ne abin da ya yi bayan littafin. A ƙarshen shekarun 1960 ya bar birni ya zo ƙasar Malumfashi, ya tare a wani gidan Maguzawa manoma, ya yi shekaru yana nazarin cuta da magani a wurinsu. Daga wannan zama ne ya fito da wata shahararriyar maƙala a 1981, a kan yadda mutanen Malumfashi ke neman magani ko'ina ba tare da sun damu da sanin tushen kowane irin magani ba. Watau mutumin da ya ratsa Kambirij da Yel ya ga karatunsa bai cika ba sai da ya zauna a tsakar gidan manomi a ƙasarmu.

Littafi na Biyu: Bin Sawun Ayari

Mahdi Adamu mutumin ƙasar Yawuri ne. A Zariya ya yi digiri na biyu, a kan mulkin Yawuri a ƙarni na 19, sa'an nan ya tafi Cibiyar Nazarin Afirka ta Yamma ta Jami'ar Bamingam a Ingila ya yi na uku. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Littafinsa ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Last. Maimakon ya zauna a fada, sai ya fita ta ƙofar gari ya bi bayan Hausawan da suka bar gida: fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da malaman da ke bin ayari, da masu sana'a da suka kafa zango a Salaga da Kumasi, da waɗanda suka zauna a ƙasar Nufe da ta Yarabawa da Bargu da Dahome, har da sojojin da Ingilishi suka ɗiba a Ikko a shekarun 1860.

A ganina babbar nasarar littafin ita ce ya tsallake iyakokin da Turawa suka shata. Ɗalibin da ya tashi da taswirar makaranta a ka yana zaton tarihin Nijeriya daban, na Gana daban, na Binin daban. Wanda ya karanta Mahdi Adamu zai gane ba a rubuta tarihin kasuwar Kurmi ba tare da Salaga ba, kuma yaɗuwar harshen Hausa da muke alfahari da ita a wannan ƙungiya a bayan jakuna ta tafi, tare da kanwa da jar fata da baƙin rini. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ga wanda ya zauna wuri ɗaya, domin shaidar a warwatse take. Nan ne fita waje ta biya kuɗinta.

Sai dai ina da magana biyu. Ta farko, idon littafin yana kan hanya da zango, watau kan madugu da fatoma. To, kayan da ke bayan jakin fa? Wa ya noma audugar, wace tsohuwa ta kaɗa zaren da mazarinta, wa ya saƙa, a wace marina aka tsoma? Ayari ya tashi da mu tun daga ƙofar gari, gonar da ta ciyar da shi kuwa tana can baya ba mu waiwaye ta sosai ba. Ta biyu, sunan littafin ya yi masa shinge da Afirka ta Yamma, alhali Hausawa sun wuce nan. Bayi Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun yi gabas, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Ban ɗauki wannan laifi ga marubucin ba, tunda kowane littafi da iyakarsa. Ƙofa ce ya bari a buɗe, kuma mai son shiga sai ya tanadi Larabci da harshen Fotugal.

Littafi na Uku: Katsina Daga Ƙasa Zuwa Sama

Yusufu Bala Usman an haife shi a Musawa a 1945, ya rasu a 2005. Digirinsa na farko a Jami'ar Lankasta ta Ingila ya yi shi, ya komo ya koyar a Kwalejin Barewa, sa'an nan ya yi digirin dokta a Zariya, ya kammala a 1974. Cikin su ukun shi ne wanda ya yi digirin dokta a gida. Amma kuma littafinsa ne ya fi cika mudun nawa, kuma dalilin haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Bala Usman da ƙasar kanta ya fara, watau irin turɓaya da ruwa da amfanin gona da tama da hanyoyi, da yadda mutane daga wurare daban-daban suka yi ta ƙaura suna haɗuwa suna kafa garuruwa saboda sana'a. Daga nan ya hau zuwa yadda tsarin sarauta ya tsiro a kan waɗannan garuruwa, da yadda aka tumɓuke shi a zamanin jihadi aka kafa wani. A wannan littafi ne ɗan kudancin Katsina zai ga ƙasarsa a matsayin wuri mai tarihin kansa, da tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki, ba wani daji da ke jiran hakimi daga birni ba. Haka kuma ya ƙi yarda a fassara jihadin 1804 da cewa faɗan Fulani da Haɓe ne. Hujjarsa ita ce kowane ɓangare ya tara mutane masu asali iri-iri, kuma abin da ake jayayya a kansa shi ne yadda za a yi mulki da wanda za a yi wa. Bai tsaya a iyakar Nijeriya ba, domin zuriyar sarakunan Katsina na da a Maraɗi suka kafa mulki bayan jihadi, ke nan wani babban sashe na tarihin Katsina yana cikin Jamhuriyar Nijar.

Akwai wani aikin nasa da ya fi komai nuna amfanin sanin ƙasar Turawa, watau nazarin da ya yi wa Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Katsina a 1851, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Masana da yawa sun ɗauki littafin Barth kamar yankan wuƙa. Bala Usman kuwa sai ya zaunar da shi kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, yana bincikar da wa ya yi magana, a wane hali ya zauna a garin, da kuma irin tunanin da ya ɗauko daga Turai game da jinsi da ƙabila. Wanda bai san gidan da baƙo ya fito ba, ba zai iya tace maganar baƙon ba. In akwai abin da ɗalibinmu zai samo a Turai wanda ya fi takardar shaida, to, wannan ne.

Duk da haka littafin bai kuɓuta daga suka ba. Turancinsa yana da nauyi, hujjojinsa a cushe suke, ɗalibin shekarar farko sai ya yi ta maimaita shafi. Bugu da ƙari, a nawa ra'ayin, himmar marubucin ta rushe bayanin ƙabilanci takan sa mai karatu ya ji kamar an rage wa aƙida da dangantakar jini nauyin da su masu jihadin suka ba su da kansu. Sa'an nan littafin ya tsaya a 1883, shekara ashirin kafin zuwan Turawa, daidai lokacin da duniya ke shirin faɗowa gonar Mahuta da ƙarfi.

Tarihin Duniya Daga Gonar Auduga

Bari in gwada yadda tarihin duniya zai kasance in an faro shi daga wannan gona. Kakanninmu suna noman auduga tun kafin Bature, mata na kaɗi, maza na saƙa da rini, ana kai tufafi kasuwannin nesa. A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, audugar da bayi ke nomawa a kudancin ƙasar ta daina isa masaƙun Lankasha a Ingila, ma'aikata suka shiga yunwa. Masu masaƙun ba su manta da wannan wuya ba. A 1902 suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a Mancesta, don su sami auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin tutarsu. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai, kuma wannan buri yana cikin dalilan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. Amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, masaƙan gida kuma suka riƙa taya auduga da tsadar da ta fi ta kamfani. Sai hankali ya koma ƙasar laka. Aka kawo irin auduga na Amurka, aka ja reshen jirgi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Daga fuloti zuwa inji, daga inji zuwa tasha, daga tasha zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Libaful.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna tare da wani kamfanin Lankasha. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya zo da shirin raya aikin gona na Funtuwa, da takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Bayan shekara ta 2000 manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Mai karatu ya duba ya gani, bawan Amurka da ma'aikacin Mancesta da ma'aikacin banki a Washintan da ɗan kasuwar Sin duk sun taka gonar Mahuta, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Wanda zai rubuta wannan tarihi tilas ya yi tafiya, domin takardun mulkin mallaka wasu suna Kaduna wasu suna Landan, na Bankin Duniya suna Amurka, na ɓangaren Maraɗi kuma da Faransanci suke. A nan shirin jami'o'i biyu ko uku yana da amfani na gaske. Sven Beckert, Bajamushe mai koyarwa a Habad ta Amurka, ya yi irin wannan zagaye ya fito da *Empire of Cotton* a 2014, tarihin auduga a duniya baki ɗaya. Littafi ne mai faɗi, amma mai hangen duniya daga sama kamar shaho ba zai sauka a kowane ƙauye ba. Akwai shaidar da babu ita a kowace taska ta Turai: tsohon da ya kwana a fuloti yana jiran awo, wanda ya san dabarun 'yan baranda da malamin sikeli, ya san yadda ake mai da auduga lamba ɗaya ta koma lamba biyu, da tsohuwar da ta tuna shekarar da ta ajiye mazari don zaren kanti ya fi araha. Takardun Landan za su jira shekara hamsin ba su motsa ba. Tsofaffin nan kuwa ba za su jira ba.

Maganar Harshe

Akwai aibi guda da littattafan nan uku suka yi tarayya a kansa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Duka da Turanci aka rubuta su. Mutanen da aka zauna a zaurukansu aka ɗebi labari, yawancinsu ba su iya karanta abin da aka yi da maganarsu ba. Littafin Last sai da ya shekara arba'in kafin fassararsa ta Hausa ta fito da sunan *Daular Sakkwato*. Haka abin yake a namu fagen. Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiyana ta Amurka ya yi digirin dokta a kan Mamman Shata a 1975, Shatan da aka haifa a Musawa ya zauna a Funtuwa.

Amma a lura da wani abu. Bala Usman, a cikin cikakken sunan littafinsa na Turanci, bai fassara kalmar sarauta ba, haka ya bar ta. Dalili kuwa shi ne Turanci ba shi da kalmar da za ta ɗauki kayanta. To, in kalma ɗaya ta gagari fassara, ina ga kirari da take da waƙar noma da sunayen unguwanni da takardun ajami? Wannan aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa. Masanin tarihin da bai iya warware kirarin gari ba, kamar mai awo ne da mudu mai huji.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga littattafan nan shi ne yawan ƙasashen da mutum ya taka ba shi ke sa aikinsa ya zama tarihin duniya ba. Wanda ya fi su yawo sai da ya durƙusa a gaban Waziri da manoman Malumfashi. Wanda ya yi digirinsa a Zariya shi ya fi kusa da gonarmu, ya kuma fi iya tuhumar baƙo. Saboda haka ɗan'uwana ɗalibi, in ka sami hanyar fita ka fita, amma ka yi irin ta almajiran da, ka san malamin da kake nema da littafin da za ka sauke. Ka tafi da tambaya daga gida, ka tanadi harsuna, ka kuma ɗauki alkawarin mayar da abin da ka samo cikin Hausa.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Ƙofar Turai ba kowa take buɗe wa ba, ga tsadar karatu ga wuyar biza. Me zai hana jami'o'inmu su ƙulla irin wannan shiri a tsakaninsu? Ɗalibi ya yi shekara a Zariya ko Kano ko Katsina, ya yi zango a Yamai inda aka tara rubuce-rubucen Larabci da ajami, ko a Damagaram inda jami'ar take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, sa'an nan ya gangara Legon ta ƙasar Gana ya bi sawun fataken Gwanja. Hanyar nan kakanninmu sun bi ta da jakuna, ba za ta gagare mu da mota ba. Allah ya sa mu dace.